Wanda Ya Bi Bahar Maliya Da Ƙafa

Kakata Iya ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Sauran tsofaffin unguwarmu in suka shimfiɗa tabarma bayan magariba sai kiran lisha ya tashe su. Ita kuwa ko tatsuniya take yi sai ta miƙe ta tura itacen da bai nemi turi ba, ta leƙa zaure, ta dawo ta ɗosana a kan turmi, kafin ka gyara zama ta sake tashi. Mu jikokinta mun saba binta da ido, kamar masu kallon kaza tana neman inda za ta yi ƙwai.

Ƙauyenmu yana gefen Roni, tsakanin duwatsu da wani rafi. Da rani rafin yashi ne zalla, a cikinsa muke langa. Da damina in ya kawo, kana kwance a ɗaki kana jin rurinsa. Lokacin ba a yi Jigawa ba tukuna, duk Kano ake ce mana. Iya ita ta haifi mahaifina, kuma shi kaɗai Allah ya ba ta. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana baki da baki. Ni kuma sunan mijinta aka sa mini, Idrisu, saboda haka ni ma sunana ba ya fita daga bakinta. Maigida take ce mini. Ko Baba yana tsaye a gabanta, ni take juyowa ta kalla.

"Maigida, gaya wa ubanka rumfar awaki tana yoyo."

"Ce mata na gani," in ji Baba.

Ni kuma ina tsakiya kamar tafinta, alhali dukansu Hausa suke ji. Yayata Ladi ta yi ta dariya, ta ce in na girma alƙali zai ɗauke ni aiki.

Akwai saƙo guda da nake kaiwa duk shekara, shi kuwa ba a yi masa dariya. Mijin Iya ya ɓace tun Baba yana goye, a bakin Bahar Maliya, suna kan hanyar Makka da ƙafa. Ba wanda ya wanke gawarsa, ba wanda ya san kabarinsa. Baba yana so a tara malamai a yi masa addu'a, a daka gumba a raba, yadda ake yi wa kowane mamaci. Iya ta ce ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa. Haka Baba ya girma, ya yi iyali, furfura ta fara fito masa a gemu, bai taɓa samun damar buɗe baki a gidansu ya ce Allah ya jiƙan mahaifina ba. In an gama girbi yakan zaɓi dami guda na gero mai kyau ya jingine a gindin rumbu, sannan ya kira ni.

"Tambaye ta ko bana."

In je in tambaya. Iya ko ɗaga kai ba ta yi.

"Ce masa ba bana ba."

Sai a mayar da damin can ƙasan rumbu, shi ake ci a ƙarshe in damina ta yi nisa. Ita kuwa duk wanda ta ji an ce ya dawo daga gabas sai ta je ta gan shi da idonta. Ta taka zuwa Kazaure, ta taka zuwa Gwiwa, akwai lokacin da ta kai har Kanya Babba, tana tambaya ko an ga wani dogo, mutumin Roni, mai sandar gora, mai yawan kallon ruwa. Ta dawo ƙafa a kumbure, ta ce wannan alhajin bai yi yawo sosai ba, shi ya sa.

Labarin ɓatansa a tatsuniya muka san shi. Ba ta cewa "ni" ko "mijina", sai "wani mutum da matarsa", amma har ƙaramin cikinmu ya san su wa ake nufi. Da damina kaɗai take yinta, kuma sai ranar da rafi ya kawo. An sauke tuwo, garwashi ya rage a murhu, mun tura masara ciki, hayaƙi yana korar mana sauro. Sai ta tsaya cak, ta karkata kunne wajen rafin, ta ce, "To, ga ta nan ta taso, ƙafa duk kaushi."

Mu ce, "Ta ƙaraso mu ba ta ruwa."

Wai an yi wani mutum a wani gari mai rafi irin namu, wanda ya san ruwa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ranar kasuwa in rafi ya kawo, mutane su taru a mashigi da kayansu, ba mai shiga sai ya zo. Shi kuma ba ya gaggawa. Zai karyo kara ya kafa daidai inda ruwa ya tsaya, ya koma gefe ya zauna. In ruwan ya ja baya ya bar karan a tudu, ya kafa wani a sabon bakin. In ya bar wannan ma, sai ya ɗaga kai ya duba sama ta wajen da rafin ya fito. In babu hadari, ya naɗe riga, ya ɗauki sandarsa ta gora ya shiga gaba, jama'a su bi sawunsa da kaya a ka. Abin da ya sani ke nan, kuma bai taɓa ba shi kunya ba: ruwan da ya fara tafiya ba ya dawowa sai in an yi sabon ruwa. Ko ɗan akuya bai taɓa salwanta a hannunsa ba.

Sai ya ɗaura niyyar Makka, ya ɗauki matarsa, yarinya ɗanya, suka bi ayari suka yi gabas. Iya ba ta daɗewa a kan wannan tafiyar, ko da yake shekaru ta ci. Sun ratsa Barno da Wadai, in guzuri ya ƙare su tsaya ƙwadago a gonar auduga, in sun ɗan farfaɗo su ƙara gaba. A hanya matar ta haihu. Da suka kai ƙasar da ke bakin teku, ta wajen Habasha, aka ce a tashar jirgi Turawa suna neman wasu takardu da ba su da su. Amma akwai wata gaɓa a ɓoye, inda jirgin Larabawa mai tafiya da iska yake zuwa ya kwashi irinsu. Babu hanya zuwa can, ko jaki ba ya shiga. Sai ƙafa.

In ta zo nan takan fara zagaya murhu tana nuna mana. Baƙaƙen duwatsu masu yankan ƙafa, waɗanda namu na Roni 'ya'yansu ne. Ƙaya mai kama zane. Sannan wani fili da gishiri ya yi wa ɓawo, kana takawa yana fashewa, yana shiga kaushi kamar barkono. Jagoran da suka samu ya kai su bakin wata matsatsiyar hanya tsakanin duwatsu biyu, ya nuna da haɓa, ya ce jirgi zai zo, ko yau ko wani mako, ya juya abinsa. Suka kutsa ɗaya bayan ɗaya. Da hantsi suka ɓulla.

"Yashi fari fat," in ji Iya, "kamar an baza garin shinkafa. Ba sawun mutum, ba bukka, ba kukan zakara. Sai ƙaguwa suna gudu a karkace kamar marasa gaskiya. Ruwa kuwa, Maigida, in ka tara rafin nan da na Kazaure da duk wanda ubanka ya taɓa tsallakewa, ba su cika masa cokali ba. Ya zo ya taɓa yashi ya koma, ya zo ya koma."

"Iya, an sha?" in ji Ladi, ko da yake ta san amsar.

"Wani mai ƙishi ya kai baki ya tofar. Gishiri da ɗaci, kamar an jiƙa kanwa."

"Wa ya zuba gishirin?"

"Mijinki. Shi ya sa har yau bai zo ba, yana can yana zubawa. Rufe mini baki."

Ruwan da ke salkunansu ya kusa ƙarewa, ga rana, ga jariri, ba kuma wanda ya san ranar jirgi. Can gaba cikin ruwan suna hango wata ƙasa a kwance, baƙa-baƙa, ba ta yi nisa ainun ba. Kowa ya ɗauka tsallaken ke nan. Mutumin nan hannunsa ya saba. Ba kara a ƙasar, sai ya karyo busasshen icce ya kafa a bakin ruwa ya zauna. Ba a jima ba ruwan ya bar iccen. Ya kafa wani, ya bar shi. Ya ɗaga kai, sama garau, ko ɗigon gajimare babu. Yashi ya yi ta buɗewa a gabansu, jiƙaƙƙe, yana sheƙi, yana miƙewa wajen ƙasar can. Wani tsoho a cikin ayarin ya fara kabbara, ya ce ai wannan ruwan ne ya taɓa ba Annabi Musa hanya, ba mamaki an tausaya wa baƙin Allah.

Matar ta ce, "Malam, da mun jira jirgin."

Ya yi dariya ya ce, "Yaron nan zai jira? Bari in gwada in dawo in wuce da ku. Ruwa tafiya yake."

Ya naɗe riga, ya ɗauki gora, ya bi ruwan. Yana tafe yana caka sanda, ruwan yana ja masa baya. Daga nesa mutumin ya koma kamar akuya, ya koma kamar kaza, ya koma kamar ƙuda a kan faifai. Bayan azahar matar ta tashi za ta ɗauko tsumman yaro da ta shanya kusa da icce na biyu, sai ta gan shi yana yawo a kan ruwa, iccen kuma ya nutse. Ba hadari, ba iska, ba ƙara. Ruwan ya juyo, kuma ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba. Ta gefe yake zagayowa ta cikin kwari, yana haɗewa a bayan mutumin, tsakaninsa da su.

Duk lokacin da ta kawo nan masara takan ƙone, don ba mai tunawa da ita. Baba kuma yana bayan zana, wai ƙotar fartanya yake gyarawa. Bai taɓa shigowa ba, bai kuma taɓa tashi ya tafi ba. Sai dai mu ji sassaƙar ta tsaya.

"Sai hasken rana ya bugi ruwa ya shiga idon matar," in ji Iya, "ba ta ƙara ganin komai ba."

"Sai me, Iya?"

Daga nan tatsuniyar ba ta da hanya ɗaya. Yau ta ce ya kai ƙasar can, ashe tsibiri ne mai dabino, mutanen wurin suka riƙe shi don ba su da mai gwada musu ruwa. Wata rana ta ce masunta ne suka tsamo shi suka wuce da shi Jidda. Wata rana kuma yana Makka, yana tsaron takalma a ƙofar masallaci, yana duban kowace mace mai goyo. Duk yadda ta juya, mutumin yana hayewa.

"Iya, rannan kin ce masunta," in ji Ladi.

"Ke kika je, uwar iyayi?"

Labarin matar ne ba ya canzawa. Jirgi ya zo, kowa ya shiga, ita ta ƙi. In ya dawo ya tarar ba kowa fa? Wasu mata masu kiwon awaki a bayan duwatsun suka tsince ta, suka ba ta nono, ta zauna da su. Kullum sai ta ratsa matsatsiyar hanyar nan ta je gaɓar. A nan ta ga abin da har yaran wurin suka sani, cewa wannan ruwa kowace rana yana tafiya yana dawowa, tun da aka halicce shi. Da ta gaji sai wani tunani ya zo mata: in ta wani wuri ya fita, ai gida zai nufa. Ta goya yaro ta yi yamma. Kafin su iso yaron da ƙafarsa yake tafiya, har yana riƙe mata ƙullin kaya. Ta tarar ba ya gida. Sai ta ga ashe can ya kamata ta tsaya.

"Nan ƙafata ta gaji," in ji Iya. Da haka take rufewa, sannan ta ɗauki tsintsiya ko ta tafi duba kaji.

Yara kowa da abin da yake tsinta a tatsuniya. Ladi gishirin ta riƙe. Ni kuwa abin da na tsinta shi ne akwai wani mai sunana da ruwa bai taɓa kayar da shi ba, har ruwan da ya fi kowane girma. Na ji ta sau da yawa, ban taɓa jin ya nutse ba. Na samo gora na ɓoye a bayan ɗaki. Ko a bakin kwatami sai na kafa kara.

Wata ranar kasuwar Roni, ina wajen shekara goma, aka kwana ana ruwa. Da safe mahaifiyarmu ta aike mu ni da Ladi mu yiwo wa awaki ciyawa, na ɗauki gorata na bi ta. Muka biyo ta mashigi, muka tarar da 'yan kasuwa zaune da kayansu, masu man gyaɗa, masu tukwane, wani da tunkiya a igiya. Rafin ya yi ja, yana tafe da rassa da kumfa. Na ajiye lauje, na karyo kara na kafa.

"Kai, ku ga jikan mai ruwa!" in ji mai tunkiya. "Sarkin mashigi, yaushe za mu wuce?"

Aka yi dariya. Wata mai tukwane ta ce in na ƙetarar da ita za ta ba ni 'yarta. Ladi ta ja hannuna ta ce in zo mu tafi kafin in ja mana duka. Na fizge. Na koma gefe na zauna yadda Iya ta ce yana zama, ina jin idanunsu a ƙeyata. Ruwan ya ɗan ja baya daga karan, bai kai faɗin tafin hannu ba. Ban kafa na biyu ba, ban dubi sama ba. Kafin wani ya gane da gaske nake, na tuɓe riga na shiga.

Ya kawo mini cinya, ya kawo ƙugu. Na caka gora a gabana, ba ta sami ƙasa ba, na bi ta. Abin da na sani bayan nan kaɗan ne: duhu, yashi a baki, da wani abu da ya buge ni a haƙarƙari na rungume shi. Reshen giyayya ne da ya sunkuyo cikin ruwa, can ƙasa da mashigi. Ihun Ladi ya kai gonar da Baba yake noma. Aka haɗa igiyoyin 'yan kasuwa aka ɗaura masa a ƙugu, maza suka riƙe, ya shigo ya ɓamɓare ni daga reshen.

A kan gaɓa, bayan na amayar da abin da na sha, ya ɗaga hannu zai mare ni.

"Me ya kai ka? Uban wa ya aike ka?"

Na ce, "Ai shi ma ya haye."

Hannun ya sauka a hankali. Ya saɓa ni a kafaɗa har gida, ya wuce mahaifiyarmu tana salati, ya dire ni a gaban Iya, jikina duk taɓo da jini.

"Faɗa mata abin da ka faɗa mini."

Na faɗa. Iya ta dube ni, ta dubi ƙafafun Baba. Ta kawo ruwan ɗumi ta wanke ni da kanta, ta shafa mini man shanu a haƙarƙari. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba. Na so da ta yi.

Da magariba rafin yana nan yana ruri. Aka sauke tuwo, ba wanda ya ci na kirki. Iya ta shimfiɗa tabarma a bakin murhu ta zauna, ta miƙe ƙafa. Muka jira ta tashi, ba ta tashi ba.

"Maigida, ce wa ubanka ya bar ƙotar nan ya shigo."

Baba ya shigo ya tsuguna daga gefe, hula a hannu. Iya ba ta buɗe tatsuniya ba. Wuta take kallo.

"Gaɓar nan gabas take duba," ta ce. "Bayan azahar ne. Rana tana bayana. Ba abin da ya shiga idona."



"Na ga lokacin da ya gane. Ya tsaya, ya juyo, ya fara dawowa. Da farko da sauri, sannan ruwa ya hana shi sauri. Ya matso har ina gane rigarsa. Ya kai inda ruwan ya haɗe, ya caka gora, ya koma gefe ya sake cakawa, yana neman mashigi. Wurin ba shi da mashigi. Ruwan ya kawo masa ƙirji. Ya ɗaga sandar sama da hannu biyu, yadda yake ɗaga kayan mutane kada su jiƙe. Na daɗe ina ganin sandar. Sannan ban gan ta ba. Bai iya iyo ba, Maigida. Bai taɓa buƙata ba. Shi mai jira ne ruwa ya wuce."

Ladi ta fara shessheƙa. Iya ta ce, "Ke, yi mana shiru, ba ki san shi ba."

Sannan ta juyo gare ni. "Ka ji? Bai haye ba. Ya fi ka tsawo, ya fi ka sani, bai haye ba. In na ƙara jin ka je bakin rafin nan da sanda, ni da kai ne."

Na ce na ji.

Garwashin ya fara yin toka. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gaya wa ubanka ya fito da geron."

Ban kai saƙon ba, don Baba ya riga ya kife fuska a cikin hularsa. Da ya ɗago ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifina." Muryarsa ta fito kamar ta yaro. Ya sake faɗa da ƙarfi, kamar mai gwada ko bakinsa zai iya. Iya ta ce amin.

Ranar Juma'a aka yi. Mata suka daka gumba, malamai suka cika zaure, mutane suka yi ta zuwa yi wa Baba gaisuwa kamar jiya aka yi rasuwar, shi kuma yana amsawa da fuska a sake, yadda ban taɓa ganinsa ba. Iya ta ce za ta shiga takaba. Liman ya aiko cewa bayan waɗannan shekaru ba dole ba ne a kanta. Ta ce a gaishe da Malam, a ce masa ba ta yi ba a lokacinta, yanzu za ta yi. Ta cire awarwaronta ta shiga ɗaki.

Matar da ta taka daga Roni zuwa bakin Bahar Maliya ta dawo, ita ce ta yi watanni ba ta leƙa zaure ba. Da ta fita takaba muka zaci za ta koma yadda take. Ƙafafun suka ƙi. Aka zo aka ce wani alhaji ya sauka a Achilafiya, ya daɗe ƙwarai a gabas. Ta ce Allah ya karɓa, ta ci gaba da tsintar wake. Da damina ta zagayo rafi ya kawo, muka tura masara a wuta muka zauna muna kallonta. Ta ce Ladi ta yi mana, ita ta manta. Ba ta daɗe ba bayan haka ta rasu.

Na jima ina ɗauka alheri na yi ba da sani ba. Ina saurayi har abokai nake ba labari da alfahari, wai ni na sa aka yi wa kakana sadaka. Sai da na tsufa, na binne mutane da hannuna, sannan na fara ganin ɗaya gefen. Baba uba mamaci yake nema, ya samu wanda zai yi wa addu'a. Iya kuwa in mijin yana da rai ne take da dalilin ɗaura zane ta fita da safe. Mutum ɗaya ne, ba zai ishe su su biyu ba. Shekara da shekaru ta riƙe nata ta hana ɗanta nasa, kuma ban ce ta kyauta ba. Amma ba fatawar malamai ce ta karɓe shi daga hannunta ba, ba kuma roƙon Baba ba. Ni ne, da karana guda da rashin haƙurin kafa na biyu. Ta dubi mijin da take rayawa da baki, ta dubi jikan da ke gabanta cikin taɓo, ta saki wancan. Ban taɓa ce mata na gode ba. Lokacin ban san akwai abin cewa ba.

Yanzu an yi gada a mashigin, 'yan acaɓa suna wucewa ko rage gudu ba sa yi. Amma rafin yana nan, yara ma suna nan. In ya kawo, jikokina sukan ajiye waya su ce in yi musu tatsuniyar mai gora. Ina yi. Nakan daɗe a kan farin yashin da ƙaguwa da gishirin, ina jan ƙafa kamar wanda aka aika inda ba ya so. Sau da yawa tsibiri mai dabino yana zuwa har bakina. Sai in tuna gidanmu da rafin ba nisa, in haɗiye, in nutsar da mutumin.

Rannan ƙaramarsu, Hassana, ta ce, "Kaka, matar fa? Da ta dawo gida sai me?"

Na ce, "Ta daɗe tana yawon nemansa. Daga baya ta zauna."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta yi ɗan tunani ta ce, "To ai ta huta."

Har yanzu ina neman abin da zan ce mata.